Shin Ko Kun San? Ɗan-Tsalle, Malam-Buɗe-Littafin da Ke Ɗinka wa Kansa Ɗaki

Duk wanda ya taɓa ratsa gonar wake a Dauran, ko ya bi bakin fadama a Shinkafi da hantsi a ƙarshen damina, ya taɓa cin karo da shi ko da bai kula ba. Wani ɗan ƙwaro ne mai ruwan ƙasa, gajere, kakkaura. Zai sauka a kan fure, kafin ka ƙifta ido ya ɓace, sai ka hango shi can a kan wani ganye. Yara ba sa bin sa da gudu, domin ba shi da adon da ke jan ido, kuma ba ya kamuwa. Shi ma malam-buɗe-littafi ne, amma gidansu daban. Masana suna kiran gidan Hesperiidae, sunan da Turawa suka laƙaba masa kuwa ma'anarsa mai tsalle-tsalle, don haka a wannan fili za mu kira shi ɗan-tsalle. Yawancin danginsa a kurmi suke, can inda ruwan sama ya wadata, amma wasunsu maƙwabtanmu ne na ƙut da ƙut. Raina kama ka ga gayya.

YADDA ZA KU GANE SHI

Shin ko kun san cewa 'yan-tsalle sun haura nau'i 3,500 a duniya? Daga ciki fiye da 500 a Afirka suke. Inda suka fi yawa shi ne kurmin ƙasashe masu zafi, musamman Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, sai kurmin Afirka da na Asiya. Gwargwadon yadda mutum ya nausa arewa, inda itatuwa ke raguwa, haka nau'insu ke raguwa, sai masu juriya kaɗai ke saura.

Shin ko kun san cewa a ƙahonsa ake fara gane shi? Ƙahon sauran malam-buɗe-littafi yana ƙarewa da ɗan dunƙule kamar kan ashana. Na ɗan-tsalle kuwa, bayan dunƙulen, sai ya lanƙwasa ya yi tsini kamar ƙugiyar masunta. Ku ƙara da ƙaton kai, da dara-daran idanu, da ƙirji mai kauri. In kun ga waɗannan a jikin ƙwaro guda, to shi ne.

Shin ko kun san abin da ya sa ba ya kamuwa? Ƙirjin nan mai kauri cike yake da tsokar da ke kaɗa fukafukai, fukafukan kuma gajeru ne idan aka gwada su da jikinsa. Saboda haka ba ya lilo a iska kamar sauran. Harbawa yake yi kamar an sake gwafa, ya tsaya cak, ya sake harbawa. 'Yan-tsalle na cikin waɗanda suka fi kowa gudu a duk dangin malam-buɗe-littafi.

Shin ko kun san cewa da yawansu ba sa buɗe littafin yadda muka saba gani? Masu cin ciyawa a cikinsu, in suna shan hantsi, sukan shimfiɗa fukafukan baya a kwance, su ɗaga na gaba rabi, sai ƙwaron ya yi kama da ƙaramin jirgin yaƙi da ke shirin tashi. Wasu kuma sukan shimfiɗa duka huɗun a ƙarƙashin ganye, su lafe kamar an manna su.

Shin ko kun san cewa garin da ke maƙalewa a yatsa in an taɓa fiffikensa ba ƙura ba ce? Ƙananan ɓawo ne da aka jera wani a kan wani, kamar yadda ake jera shuci a jinka. Su ne ke ba fiffiken launi. A wasu nau'o'in, namiji yana da wani ɗan layi a fiffiken gaba, inda ɓawon ke fitar da ƙamshin da yake jan hankalin mace da shi. Turarensa a jikinsa yake.

TSUTSA MAI SANA'AR ƊINKI

Shin ko kun san cewa macen tana ɗanɗana ganye da ƙafarta kafin ta saka ƙwai? Za ta sauka, ta ɗan bubbuga ganyen, in ba irin wanda 'ya'yanta ke ci ba ne ta tashi. Yawanci ƙwai ɗaya-ɗaya take sakawa. Daga ƙwai sai tsutsa, daga tsutsa sai ta shige ƙwanso ta yi shiru, daga ƙwanso sai mai fiffike ya fito. Kowane nau'i da irin ganyensa, kuma wannan shi ne sirrin rayuwarsu duka: inda babu ganyen, babu su.

Shin ko kun san cewa tsutsar ɗan-tsalle tela ce? Da zarar ta ƙyanƙyashe sai ta tsaga gefen ganye da bakinta, ta naɗo shi, ta ɗinke da zaren da take fitarwa daga ƙasan bakinta. Zaren yana tsukewa in ya bushe, shi ke jawo gefen ganyen su haɗu. A ciki take wuni, sai dare ya yi ta fito kiwo. In ta girma ɗakin ya yi mata kaɗan, sai ta bar shi ta ɗinka sabo, har sau da dama kafin ta shiga ƙwanso. Zaren nan ɗan'uwan wanda ake saƙa rigar tsamiya da shi ne, sai dai na tsamiya daga tsutsar wani faɗa-wuta yake fitowa.

Shin ko kun san cewa ba ta yarda kashinta ya kwana a ƙofar ɗakinta? A ƙarshen jikinta akwai wani abu mai kama da ɗan mataji. Takan tara ƙarfin jini a wurin, ta sake, sai kashin ya harba nesa. Martha Weiss ta Jami'ar Georgetown a Amurka ta auna wannan a wani nau'i na can, ta wallafa a 2003: harbin yana kaiwa kusan ninki 40 na tsawon jikin tsutsar, wato har mita ɗaya da rabi. Da mutum ne, tazarar za ta wuce mita 60.

Shin ko kun san dalilin wannan tsafta? Rina da ire-irenta suna bin warin kashi ne su gano inda tsutsa ta ɓuya. Gwajin da Weiss ta yi ya nuna cewa tsutsar da aka tara wa kashi kusa da ita ta fi saurin faɗawa bakin rina. Tsaftar ƙofar gida, a wurin wannan 'yar halitta, ita ce tsakaninta da mutuwa.

Shin ko kun san cewa tsutsar da zanzaro ke ɗauka ya kai ɗakinsa na laka ba riƙonta zai yi ba? An daɗe ana cewa zanzaro ba ya haihuwa, tsutsa yake ɗaukowa ya mayar ɗansa. Abin da ke faruwa shi ne macen zanzaro tana harbin tsutsar ta shanye mata jiki, ta cusa ta a ɗakin tare da ƙwanta, ta liƙe ƙofa. In ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ce abincinsa. Da zanzaro da rina duk ma'aikatan manomi ne da ba ya biya.

MANYAN KURMI

Shin ko kun san cewa ɗan-tsalle mafi girma a Afirka yana nan a Nijeriya? Sunansa Pyrrhochalcia iphis, kuma wani Baturen Ingila, Dru Drury, ya fara bayyana shi a rubuce tun 1773. Yana zaune a kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da kudancin ƙasar nan. Baƙi ne mai sheƙi, kansa ja kamar an tsoma a manja. Ya saɓa wa danginsa, domin shi tafiyar ƙasaita yake yi a iska, sannu a hankali, ba ya gaggawa.

Shin ko kun san cewa tsutsar wannan ƙaton tana cin ganyen yazawa? Abin lura a nan shi ne yazawa baƙuwa ce a Afirka. Asalinta Barazil, 'yan Fotugal ne suka yaɗa ta a ƙarni na 16. Ƙwaron ya riga itacen zama a nan da dubban shekaru, yana da ganyayen kurmi da ya gada, amma da baƙuwa ta zo ya ɗanɗana, ya ƙara ta a cikin cimarsa.

Shin ko kun san cewa akwai masu fitowa sai da almuru? Dangin Zophopetes ke nan. Tsutsarsu tana haɗa ganyen kwakwar manja, ko na kwakwa, ko dabino, ko giginya, ta ɗinke ta zauna a tsakiya. Manyan sukan wuni a ɓoye, sai rana ta faɗi su fito da gudu, har ana jin ƙarar fukafukansu. Wani lokaci hasken fitila yana jawo su cikin gida, a ɗauka faɗa-wuta ne.

Shin ko kun san cewa mafi tsawon baki a duk malam-buɗe-littafin da aka auna na ɗan-tsalle ne? Bakinsu siririn bututu ne da suke naɗewa kamar gammo in ba sa sha. Na wani mai suna Damas immaculata, a kurmin Kosta Rika, ya haura santimita 5, ya ninka tsawon jikinsa. Da shi yake zuƙo zaƙin furanni masu zurfi da sauran ba sa iya kaiwa.

Shin ko kun san cewa wasu 'yan-tsalle suna jiƙa abincinsu da kansu? In suka sami busasshen kashin tsuntsu a kan ganye, sai su ɗiga masa ruwa daga jikinsu, ya narke, su zuƙe. Gishiri da sauran sinadaran gina jiki da babu su a zaƙin fure suke nema. Shi ya sa ma za ku ga malam-buɗe-littafi sun taru a kan danshin ƙasa a mashayar shanu.

Shin ko kun san cewa an taɓa gano nau'i 10 a ƙarƙashin suna guda? Tun 1775 ake kiran wani ɗan-tsalle mai shuɗin baya da suna Astraptes fulgerator. Daniel Janzen da Winnie Hallwachs da mataimakansu sun shafe shekara 25 suna kiwon tsutsotsinsa a Guanacaste ta Kosta Rika, suka lura cewa manyan kamarsu ɗaya, amma tsutsotsin launinsu daban-daban, ganyen da suke ci ma daban. Da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya binciki ƙwayoyin halittarsu, sai suka sanar a 2004 cewa nau'i 10 ne. Kama da wane ba ta wane.

Shin ko kun san cewa wani ɗan-tsalle yana naɗe ganyen ayaba kamar tabarma? Erionota thrax ke nan, ɗan asalin kudu maso gabashin Asiya. Tsutsarsa tana yanka ganyen ta naɗe shi, ta lulluɓe jikinta da wani farin gari mai hana ruwa kama ta. Ya isa Hawai a 1973, ya shiga Papuwa Niyu Gini a 1983, ya yi wa gonakin ayaba kaca-kaca. Abin da ya karya lagonsa wata 'yar mitsitsiyar rina ce da aka ɗauko daga ƙasarsa ta asali, wadda ke saka ƙwai a jikin tsutsar.

Shin ko kun san cewa a Meziko ana cin tsutsar wani ɗan-tsalle? Aegiale hesperiaris yake, tsutsarsa fara ce mai maiƙo, tana zaune a cikin ganyen wani tsiro mai kama da kabar giwa. Ana soya ta a ci, kuma tana da tsada. Wanda ya san daɗin soyayyiyar fara da yaji a kasuwanninmu ba zai yi mamaki ba.

NAMU NA GIDA

Shin ko kun san cewa akwai wanda Turawa ke kira ɗan sanda mai ratsi? Coeliades forestan ke nan, ya bazu a kusan duk Afirka kudu da Sahara, daga kurmi har dajin da itatuwa suka yi tsilli-tsilli irin namu. Faɗinsa in ya buɗe ya kai santimita 5 zuwa 6, kuma yana da farin ratsi mai faɗi a ƙasan fiffiken baya kamar ɗamara. Namijin yakan zaɓi hanya guda ya yi ta sintiri, ya je ya dawo. Tsutsarsa mai zobba-zobba ce, tana cin ganyen dangin geza da taramniya da baushe, har da wasu dangin wake. Duk waɗannan itatuwa ne da ɗan Zurmi ya sani tun yana bin awaki.

Shin ko kun san cewa masu ruwan ƙasan nan da ke yawo a fadama 'yan gidan Pelopidas da Borbo da Gegenes ne? Su ciyawa ce cimarsu, kuma shinkafa da dawa da gero da rake duk dangin ciyawa ne. Ɗaya daga cikinsu, Pelopidas thrax, har ana kiransa ɗan-tsallen gero. In manomin shinkafa a bakin Gulbin Gagare ko Gulbin Bunsuru ya ga ganye an naɗe shi a tsaye kamar bututu, an ɗinke gefensa da farin zare, ya buɗe a hankali. Sau da yawa zai tarar da koriyar tsutsa mai ƙaton kai da siririn wuya.

Shin ko kun san cewa ɓarnarsu a gona ba ta cika kaiwa ta feshi ba? Yawanci 'yan ganye kaɗan suke ci, shuka ta mayar da su. Zanzaro da rina da gizo-gizo da tsuntsaye suna rage su tun kafin su yi yawa. Manomin da ya ga naɗaɗɗen ganye biyu ya ɗauko kwalbar magani ya yi asarar kuɗi, kuma ya kashe masu gadin gonarsa, waɗanda su ne ke tare masa tsutsotsin da suka fi wannan ɓarna.

Shin ko kun san cewa hankufa da ake nomewa a yar tana ciyar da wani ɗan-tsalle? Dangin Spialia ƙanana ne ƙwarai, baƙaƙe masu fararen ɗigo-ɗigo kamar zanen zabuwa, suna tashi ƙasa-ƙasa a bakin hanya da saura. Tsutsotsinsu suna cin hankufa da wasu tsirrai 'yan gidan rama da yakuwa. Ciyawar kan iyakar gona, da muke gani ba ta da amfani, gari ce guda mai mazauna.

Shin ko kun san inda wasu ke fakewa in zafin bazara ya tsananta? Sarangesa phidyle, wanda ake samu a busassun ƙasashen Afirka, yakan shige inuwar gaɓar rafi, ko bakin ramin dabgi, ya lafe a jikin bango har rana ta yi sanyi. Ramin da wata dabba ta haƙa ta bari, shi ne zauren shan iskar wata.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Shin ko kun san cewa akwai littafi mai juzu'i biyu a kan malam-buɗe-littafin Afirka ta Yamma kaɗai? Torben Larsen, ɗan ƙasar Denmak da ya rasu a 2015, ya fitar da shi a 2005, ya bayyana kusan nau'i 1,500. Nijeriya ita kaɗai tana da fiye da 1,000, kuma kurmin tsaunukan Oban a Jihar Kuros Riba na cikin wuraren da suka fi ko'ina yawansu a Afirka.

Shin ko kun san cewa ta bakin gulbi 'yan kurmi ke hawowa arewa? Siririn kurmin nan da ke bin rafi, mai inuwa da danshi ko da rani, shi ne hanyarsu kuma shi ne masaukinsu. In an sare shi don itacen girki ko gawayi, an datse hanyar ke nan. Ƙwaron ba ya kuka, ba ya kai ƙara gaban hakimi. Kawai za a wayi gari wata damina ba a gan shi ba. Shi ya sa masana ke ƙidaya malam-buɗe-littafi in suna son sanin lafiyar daji, domin suna cikin waɗanda kan fara ɓacewa.

Shin ko kun san cewa Zamfara na cikin jihohi 11 na Arewa da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa? Tarayyar Afirka ta amince da shirin a 2007 don tare hamada. Amma ganuwar da aka yi da irin itace guda ɗaya ba za ta ciyar da ɗan sanda mai ratsi ba. Shi geza yake so, da taramniya, da baushe. Manomin da ya bar kututturen waɗannan ya sake tofo a gonarsa, ya rage rassan ya bar biyu ko uku su tashi, ya yi dashen da ba ya buƙatar ban ruwa.

A yau in an ambaci dajin Dumburum ko na Sububu, abin da ke faɗo wa mutum a rai tashin hankali ne, da mutanen da suka rasa 'yan'uwa da gonaki. Wannan ciwo ne da ke zuciyar duk ɗan yankin nan, Allah Ya kawo mana ƙarshensa. Amma dazuzzukan nan suna da wasu mazauna da suka riga fitina zuwa, kuma muna fata ranar da za a koma a tarar da su. Kafin nan, ba sai an shiga daji ba. Daga Satumba zuwa Oktoba, bayan gari ya isa: shingen gona, bakin rijiyar lambu, furen wake da na kabewa. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, ko malamin firamare a Moriki da ɗalibansa, in suna da waya mai kyamara da littafin rubutu, za su iya fara lissafin 'yan-tsallen ƙasar Zurmi da Shinkafi: rana kaza, wuri kaza, a kan ganye kaza. Dattawan da suka san sunan kowane tsiro suna nan da ransu, a tambaye su tun suna nan.

Gobe da hantsi, in kun ga naɗaɗɗen ganye da farin zare a gefensa, ku ɗan leƙa, ku nuna wa yaro, sannan ku mayar da ganyen yadda kuka same shi. Akwai mai ɗaki a ciki.